Ruwan da Ya Rufe Ƙofarsa

Da hantsi Zulai ta miƙo mini wayarta,
hannunta da sauran ƙullun kisira,
ta ce, "Baba, ga ɗanka, gane shi in ka iya."

Na duba. Fari fat, sama da ƙasa,
kamar an zazzage wa duniya buhun gishiri.
A tsakiya wani ƙunshin tsumma a kan bokiti,
ido biyu kaɗai a waje.
Da zaman na gane shi:
Mudassir ne ke karkata kafaɗar hagu
in yana jiran kifi.

Wai tafki ne yake zaune a kai.
Wai ruwan can, in sanyi ya kankama,
sai ya rufe ƙofarsa ya sa sakata,
mutum ya taka shi da takalmi, har mota ta bi ta kai.
Sai an kawo wani ƙarfe mai murɗiya
an huda rami kamar bakin tulu,
a zura ƙugiya, a zauna, a yi tsit.

Shekara hamsin da ɗoriya ina su a Mai Wurno.
Na san Bahar Azraƙ ranar da ya yi ja don fushi,
na san shi ranar da ya rame har haƙarƙarin yashinsa ya fito.
Ya ci mini jirgi biyu da ƙane ɗaya,
amma bai taɓa ɓoye mini fuska ba.
Ban taɓa ƙwanƙwasa wa ruwa ba kafin in shiga.

Ƙanƙarar da na sani ta Abdul-Baƙi ce,
wadda yake jawowa daga Sinnar a amalanken jaki,
lulluɓe da buhu da garin katako,
tana hawaye tun daga hanya.
Rabin dunƙule nake saye don karfasa ta kai kasuwa,
kafin azahar kuɗina ya narke ya bi rariya.
Na nuna masa hoton. Ya daɗe yana kallo,
ya ce, "Duk wannan, kuma ba mai saye?"
Jibo ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Da dare muryar yaron ta iso a gutsuttsure.
Ya ce, "Baba, ranar nan ba ta hawa sama,
leƙowa take ta juya
kamar mai bin bashi da ya tarar ba kowa a gida.
Na kama uku, masu zane a baya,
ba su da suna a bakinmu.
Ina ajiye su suka sandare.
Ƙanƙarar kuma nishi take a ƙarƙashina,
wani sa'in kamar bijimi,
wani sa'in kamar kai in za ka tashi daga tabarma."

Na so in ce masa, sauka daga kan abin nan.
Na so in ce, ruwan da ya yi shiru haka
akwai abin da yake ƙullawa.
Abin da ya fito daga bakina shi ne,
"Me kake sa wa ƙugiyar?"
Ya ce tsutsa, ta kanti, a cikin gwangwani.
Na ce, "Kar ka fizga da wuri, halinka ne tun kana ƙarami.
Bari ya taɓa sau biyu."
Sai layin ya yanke.

Da asuba na fita, ɗari na cizon yatsu,
irin wanda har jiya nake kira sanyi.
Na tura jirgi zuwa gurbin da ragon ruwa ke kwana,
ban jefa birgi ba.
Na sunkuya, na kewaye ruwa da hannu biyu
daidai faɗin bakin tulu,
na leƙa ciki.
Baƙi ƙirin, yana ta tafiya arewa,
kamar 'ya'yan kowa.

Zulai ta ce kwandon wayam na dawo da shi.
Na ce haka ne.
In ya sake kira, a tambaye shi
ko safar hannun nan tasa tana da kauri.