Hanyar da Ba Ta Zuwa Ko'ina

Gabas da Tawa, bayan rijiyar Arzika,
inda duwatsu ke kwance baƙaƙe kamar gawayi,
akwai wata hanya mai cizon wutsiyarta.
Kakana Nomau ya ga ranar da aka haife ta.

Gonar geronmu ce.
Nasaran kamfanin gudron suka zo da igiya da turaku,
suka auna, suka ba shi jika bakwai da buhun shinkafa.
Ya tambayi tafinta: "Wane gari za ta?"
Tafinta ya ce: "Nan za ta dawo."
Kaka ya yi shiru har ya cinye goronsa,
sannan ya ce: "Ko jakina ba ya tashi sai da dalili."

Amma ranar Lahadi ya je kallo.
Fijo shida, an cire musu kujerun baya,
an rubuta lamba a ƙofa da farin fenti.
Rurinsu ya kori zabi har ƙauyen gaba,
awaki suka tsinke, tsofaffi suka yi salati.
Aka miƙa masa tuta: in sun wuce sau goma, ya kaɗa.
Bai yi lakwal ba. Tsakuwa ya zuba a hula,
kowane zagaye ya yar da ɗaya.
Shekara tara, ko sau ɗaya lissafi bai ɓace masa ba.

Kwanar kudu, wadda ke raɓe da gawo,
ita ce Kwanar Tankari.
Yaron gareji ne, mai baƙin mai har gwiwar hannu,
ya roƙi aron mota, zagaye ɗaya tak.
Ya yi rabi.
Gawon na nan da tabonsa,
yana ta zubo wa tumaki 'ya'ya kamar bai san komai ba.

Da gudron ya kai inda za shi, Nasara suka naɗe tanti.
Hanya ta zama marainiya,
maraya kuwa kowa na da aiken da zai yi masa.
Shekarar fara, jirgin feshi ya sauka a miƙaƙƙen gefenta,
muka taɓa fiffikensa, aka dake mu.
Shekarar yunwa, nan aka jera mu rabon jar dawa,
layi ya bi ta, ya bi ta,
har na ƙarshe ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da na farko.
Masu albasa sun yi shanya a kanta.
'Yan tamaula sun kafa raga da duwatsu biyu.
Mushe Hamidin ya koya wa rabin gari tuƙi,
yana ihun "birki!" kamar mai kiran ɗan da ya ɓata.
Nan ƙanwata Zali ta koyi moto da asuba
kafin idon gari ya buɗe.
Ta faɗi sau huɗu.
Yau ita ke kai allurar jarirai ƙauyuka goma sha ɗaya.

Yanzu 'yan kabu-kabu ke da ita, Juma'a bayan la'asar.
Ladan tsere: litar mai biyu da kaza gasassa.
Ni ke ƙirga musu. Hular ta mutu, tsakuwa ba ta mutuwa.

Shekaranjiya na ga turaku sababbi, da jan fenti a ka.
An ce filaye za a yanka, gari ya matso.
Na tambayi mai igiya: "Hanyar fa?"
Ya ce: "Baba, wannan ai ba ta zuwa ko'ina."

Ban ba shi amsa ba.
Na ɗauki tsakuwa ɗaya, na bi ta da ƙafa,
na gai da gawo, na wuce inda muka ci layi,
na dawo daidai inda na tashi, magariba ta yi.
Tsakuwar tana aljihuna.