Akwati Huɗu, Ƙofa Ɗaya

Ni ne magatakardan manoman riɗi a Ɗanzomo.
Ofishina tsohon shago ne da aka cire wa kanta:
tebur guda, kujera mai ƙafar aro,
da kwamfutar da ta girmi autana,
tana kurɓar wutar sola kamar mai shan maɗaci.

Akwatin imel huɗu nake kiwo.
Na ƙungiya, inda dillalai ke taya buhu.
Na asibitin sha-ka-tafi, don ni ke tura musu lissafin allura.
Nawa na kaina, da ƙanwata ke cikawa da hotunan 'ya'ya.
Na huɗu na Malam Nababa ne,
wanda ya ɗumama kujerar nan kafin ni,
ya rasu bara da kaka,
ya bar kalmar sirri a bayan kalanda.

Kullum in shiga nan, in fita can,
mai guga ɗaya, rijiya huɗu.
Kafin shafi ya buɗe, shayina ya huce,
kafin in aika, sabis ya tsallaka Nijar.
Ran nan ƙanwata ta samu farashin riɗi,
Alhajin Dawanau ya samu barkar haihuwa.
Ya amsa da Allah ya raya.
Bai ƙara ko sisi ba.

Sai Mudassir ɗan wana ya zo hutu daga Kazaure,
filasha a wuya kamar laya.
Ya ce, Baffa, manhaja uku na kawo, ka zaɓa.

Ta farko ta sha kwalliya,
amma duk wata sai an ba ta na goro.
Na ce, ba na saukar baƙon da ke auna rumbu kafin sallama.
Ta biyu tana hawa,
kwamfutar ta kama nishi kamar jaki a yashi.
Ta uku ba ado, wankakken allo,
sai na titsiye ta kamar mai neman riƙon amana:

In sabis ya ɗauke, wasiƙun jiya suna nan?
Ya ce, suna nan.
In na rubuta da dare fa?
Za ta riƙe, kamar ɗan aike mai jiran motar asuba.
Ta san sunan da zan amsa da shi?
Ta ƙofar da saƙo ya shigo, ta nan amsa ke fita.
Na ce, to, sauke mata kaya.

Muka jera su a gefen hagu,
kamar takalma a ƙofar masallaci.
Da muka zo na huɗu, yaron ya ɗage yatsa:
Wannan mai shi ba ya nan, mu bar shi.
Rabona da buɗe shi tun sadakar arba'in.
Na ce, saka.

Har la'asar tana jawo guga.
Tallan taki, gayyatar taron da aka watse tuni,
sai can, daga Maigatari, wata biyar da suka wuce:
Malam, kwana biyu shiru.
Buhu goma sha biyun nan naka da ka ba ni bashi,
kuɗin sun haɗu. Ina zan kai?
Naka, Ilu mai awo.

Babu shi a littafi. Babu shaida.
Gwaggo Tabawa, matar Malam,
ta sayar da tunkiyarta ta ƙarshe kafin damina.

Na danna amsa.
Ga sunan Nababa a saman farar takarda,
a zaune, yana jiran in yi magana da bakinsa.
Manhajar ta cika alkawari, ni ne ban iya ba.
Na sauya sunan da hannuna.

Ilu, ni ne wanda ya gaji kujerar.
Sai haƙuri.
Gidan yana gabas da injin niƙa, mai kurna a ƙofa.

Batir ya fara kuka.
Sabis ba ko sanda ɗaya.
Wasiƙar ta zauna a bakin ƙofa,
ni ma na zauna.