Butar Yaya Ilyasu

Mun kafa tanti inda kogin Gash ya bar yashinsa,
shi da ba ya leƙo Kassala sai da damina.
Duwatsun Taka na bayanmu,
kamar raƙuman da aka durƙusar aka manta da su.

Nuhu ya tafi tsintar ƙirare.
Sa'adu na kokawa da igiya, iska na kokawa da shi.
Ni na kwance ƙullin tsumma,
na fito da butar Yaya Ilyasu.

Ta ƙarfe ce, ta lotse ta gefe guda.
A Bur Sudan ya saye ta, hannun wani mai aikin jirgi.
Bututu a tsakiya, 'yar rariya a wuyansa,
ɗan ƙoƙon gilashi a kan murfi
kamar idon da bai iya ƙiftawa ba.
Inna ba ta taɓa yarda da ita ba.
Ta ce gahawa 'yar yumɓu ce,
wanda ya zuba ta a ƙarfe ya raina baƙonsa.

Na soya ƙwaya a marfin gwangwani
har ta yi gumi, ta fara ƙas-ƙas.
Na daka sama-sama.
Kada ka mai da ita gari, haka yake cewa,
in ta yi laushi rariya ba ta riƙe ta,
laka za ka sha.
Ruwan rijiyar Totil ne a jarka,
na zuba daidai layin da ya karce da ƙusa.

Duwatsu uku.
Wuta ta ci, ta ƙoshi, ta kwanta ta zama garwashi.

Da fari shiru.
Sai ɓul.
Ɗigo ɗaya ya yi tsalle cikin gilashi, fari fat, ya koma.
Ɓul, ɓul.
Yanzu launin shayin marowaci,
yanzu zuma,
yanzu goshin Baba bayan la'asar a gonar albasa.

Na janye ta bakin garwashi.
In ta ɓararraka ta yi fushi,
mai fushi kuwa ɗaci yake bayarwa.

Yaya bai taɓa ɗaura agogo ba.
Tabara guda, a tsanake, ita ce ma'auninsa.
Na fara.
Buta na amsa mini aya bayan aya,
har na zo wurin da kullum nake tuntuɓe,
na tsaya, ina jiran a ɗora ni.
Ɓul, in ji buta.
Na koma baya na ɗora kaina.

Ƙamshi ya riga mu aika goron gayyata.
Wani tsoho ya bar awakinsa gindin aduwa,
Ohaj, in ji shi, ya tsuguna,
ya ƙura wa gilashin ido.
Ina ruwan nan za shi?
Na ce hawa yake yi, ya dawo, ya sake hawa.
Ya yi dariya da sauran haƙoransa.
Ashe irinku ne, ya ce.
Kakanninku Makka suka nufa,
ga ku nan har yau kuna ba ƙasa launi.

Ya kwance bakin rigarsa, ya miƙo citta.
Ban ce masa Yaya ba ya sa citta ba.

Finjali huɗu na jera, hannuna bai iya ƙirga uku ba.
Nuhu ya gani, ya kau da kai.
Tsoho ya ɗauki na huɗun,
ya kurɓa, ya juya a baki, ya daɗe.
Ba jabana ba ce, ya ce.
Sannan ya miƙo finjalin a ƙara.

Da asuba na goge rariya da yashi.
Dusar da na zubar jiya
tururuwa na jan ta, ƙwaya-ƙwaya,
zuwa wajen dutse.