Turaren da Ba Ya Ƙamshi

Ƙarfe goma na dare a San Felipe,
tsaunukan Andes sun haɗiye sauran haske.
Ni Nibaldo, ɗan Herminda mai tsinkar inabi,
na tura kwali na ƙarshe cikin ɗakin ƙarfe.
Dubu ɗaya da ɗari biyu.
Kowane nonon inabi na kwance cikin takardarsa
kamar jinjirin da aka yi wa wanka.

Na ja ƙofa, roba ta kama roba.
Na bi gefenta da tafin hannu
ina laluben tsagar da ido bai gani ba.
Na kunna jar fitila,
na rataya allon nan mai ƙoƙon kai
wanda 'yata Ximena ta taɓa tambaya:
Baba, hoton wane ne?

Kakata da ganyen boldo take turara ɗaki,
hayaƙi ya shaƙe ka, ka yi tari, ka san ya iso.
Wannan kuwa ba launi, ba wari,
baƙo ne da ba ya sallama.
Na ɗaura takunkumi, na murɗa bakin tukunya,
allurar sikeli tana sauka sannu sannu,
fankoki na kai shi lungu lungu
har ƙarƙashin ɗan karan da ke riƙe da ƙwaya.

Daga nan sai jira.
Shayi ya huce a kofi.
Can wani kare na rigima da wata.
Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kisa
ban taɓa ganin gawa ba.

Da asuba na buɗe bututun sama,
guba ta haura inda tsuntsaye ke bi.
Sufeto Quilodrán ta zo da madubinta,
ta zari kwali daga tsakiya,
ta yanki kara, ta duƙa, ta daɗe.
Ta ce: zo ka ga abokin gabanka.

Ja ne. Bai kai ƙwayar gishiri ba.
Ya naɗe ƙafafunsa a ciki
kamar yaron da sanyi ya kama a barci.
Don wannan aka gina ɗakin ƙarfe?
Don wannan jirgi ke jira a Valparaíso,
da takardu bakwai, da hatimin ƙasa biyu?

Sai ƙafa ɗaya ta motsa.
Na rantse ta motsa.
Ta ce: numfashinka ne, ja da baya.
Ta sāke dubawa, ta taɓa shi da bakin allura,
shiru.
Ta buga hatimi.

Motoci sun tashi kafin rana ta leƙo.
Mako uku nan gaba, a garin da ƙanƙara ta rufe,
wata za ta wanke inabin a famfo,
ta ba ɗanta, ta ce: ci, mai tsabta ne.
Gaskiyarta.
Aikina ke nan, ba na kuma jin kunyarsa,
shi ya sayi takalman Ximena.

Amma hannuna na hagu ya fara rawa tun bara,
likita ya ce gajiya ce.
Na wanke shi sau biyu,
na shiga bayan gidan uwata
inda tsohuwar kuringa ta hau katanga ba izinin kowa.
Inabinta ƙanana ne, zanzaro ya huhhuda rabi.
Na tsinko ɗaya.
Wani abu na tafiya a kai.
Na hure shi a hankali,
na bar shi ya sauka kan ganye.