Tarkon Waƙa

Shekara talatin a Tudun Wada
ina kwana da yatsa kan maɓallin kaset,
ina dakon waƙa guda.
In ta zo, ko ina alwala,
ko an ɗauke wuta,
ko mai gabatarwa ya tsoma baki
da gaishe-gaishen mutanen Samaru.

Jiya jikana Tanimu ya ɗana wa rediyo tarko.
"Kaka, na'urar ta haddace muryar.
In an maimaita, caraf za ta cafke."

Na yi barci har da minshari.

Da asuba ga ta, cikakkiya,
ba tarina, ba ƙarar babur.
Na saurara sau biyu.

Sai na koma gindin rediyo na zauna,
yatsan nan yana ƙaiƙayi.