Ƙarfen Gindin Maɗaci

Ni tela ne a Tudun Wada, ba ɗan jarida ba,
amma ranar da kwalejinmu ta sake koci
sai da na ɗinka aljihu a bayan riga,
don hannu ne kawai a shago, hankali na fili.

Shekara ashirin da ɗaya Malam Jumare na busa usur
har haƙoransa suka bar shaida a jikinsa.
Ya koma Giwa noman masara.
Aka kawo mana Yahuza, gemu bai gama haɗuwa ba,
agogon auna gudu a wuya, farin allo a hammata,
yana jera 'yan wasa kamar 'ya'yan dara.

Mu kuwa muna da ƙarfe.
Guntun layin dogo ne, rataye a maɗaci
tun kafin a yanke wa Yahuza cibi.
Kyaftin kan buga shi sau uku kafin a take leda,
sannan a shiga fili ta ɓarakar katangar kicin.
Ƙofa ta baƙi ce.
Yahuza ya ce ɓarakar za ta yage wa wani gwiwa,
ya ce ƙarfe bai taɓa zura ƙwallo ba.
Ya sa aka toshe ta da bulo tara.

Teburin shayin Gwadabe ya kama da wuta.
Lawandi mai faci ya ce, "Baƙon da bai san inda rijiya take ba
shi ke tsalle a tsakar gida da dare."
Barau ya ce, "Kai, rufa mana baki,
shekara shida muna bugun ƙarfe, 'yan Samaru na bugunmu."
Talatu mai awara ta juya kasko ta ce
ita dai yaran sun ɗauke mata ƙafa,
wai koci ya hana su maiƙo,
to ita wa zai ji kukanta?

Ran Asabar muka cika fili har kan katanga.
Hadari ya taso ta bayan Kufena, ya tsaya kallo.
Yaranmu suka shigo ta ƙofa, a jere, kamar baƙi.
Ba a buga komai ba.
Shirun nan har a haƙorina na ji shi.

Minti na sittin da takwas, wani siririn ɗan aji ɗaya,
Ɗanlami, wanda Jumare ba zai ba ko ɗaukar ruwa ba,
ya yanke mutum biyu, ya ɗaga ta, raga ta motsa.
Ɗaya da nema. Haka aka tashi.

Barau ya jefa hularsa sama, har yau bai gan ta ba.
Lawandi ya ce sa'a ce, yana goge ido da hannun riga.
Ni ma na yi ihu, na rantse na yi,
amma na koma gida da nasarar
kamar wanda aka cika wa kwano, aka manta gishiri.

Don ni ma na buga ƙarfen nan, shekarar da aka ci mu huɗu.
Na manta waɗanda suka ci. Ƙarar nake tunawa,
yadda take bin gwiwar hannu ta sauka a ƙirji,
ka san wasu sun tsaya a nan kafin kai.

Ran Litinin na bi ta wajen, zan kai ɗinki Gyallesu.
Na tarar da Baba Cindo mai share fili a gindin maɗaci,
Ɗanlami na gefensa, dutse a hannu,
yana tambaya, a tsakiya ake bugu ko a baki?
Tsoho ya nuna da haɓa. Yaro ya buga, sau ɗaya, a hankali.
Yahuza na can yana jera robobinsa a ciyawa.
Ya ji. Bai ɗago ba.
Bulon nan tara dai suna nan daram.