Abin da Ba Na Iya Gyarawa

Rumfata tana Kasuwar Barci,
tsakanin mai zoɓo da mai ɗinkin labule.
Gyaran waya nake yi. Gilashi ya fashe, in sauya,
ta faɗa ruwa, in shanya ta har ta farfaɗo.

Ran Talata Baba Tanimu ya zo daga Kakuri,
tsohon ma'aikacin masaƙa, yatsunsa har yau
suna motsi kamar da zare a tsakaninsu.
Ya ajiye wayarsa a kan teburina
kamar wanda ya ɗauko kunama.
Ya ce, Gambo, cire mini kunnen da ke ciki.

Layi uku ya rubuta wa tsofaffin abokan aiki:
ina haƙƙinmu, wa ya cinye, mu haɗu gobe.
Kafin gobe aka yi masa sallama.
Mutum biyu, mota ba lamba, takarda ɗaya,
maganarsa a kanta, har da tuntuɓen babban yatsa
inda wayar ta mayar masa da gobe gobara.
Kwana biyu yana bayanin kalma ɗaya.

Na kwance ta, na duba da madubin ido.
Batir ne, da ƙura, da guntun gashin gemunsa.
Na ce, Baba, kunnen ba ya nan.
Yana can inda saƙo ke ratsawa
kafin ya isa Tudun Wada,
kwance kamar kada a ƙarƙashin gada,
ruwa shiru, ido biyu a waje.

Sun ce mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as,
sun ce don ɓarayin daji ne, kuma ni ma
na binne ƙanena saboda ɓarayin daji.
Amma maƙwabcina labule yake ɗinkawa,
ban taɓa jin an tambayi mai saye
laifin da zai aikata a bayansa ba.

Yanzu tsofaffin masaƙa su arba'in da ɗaya
ba sa aika wa juna komai sai barka da Juma'a.
Ni ma jiya na rubuta wa Ladidi
abin da ya cika mini ciki game da ƙasar nan,
na karanta, na goge,
na aika mata: kin ci abinci?

Baba Tanimu ya miƙo ɗari biyar, na ƙi karɓa.
Ya kashe wayar, ya naɗe ta a hankici,
ya tafi neman motar Kakuri.